Daga Unguwar Dosa Zuwa Elmina: Yadda Ake Karanta Gaɓar Teku

Wata Asabar da daddare muna zaune a teburin mai shayi a Unguwar Dosa, sai ga wani abokinmu da ya dawo daga Legas. Ya miƙo waya muna kallon hotunan da ya ɗauka a bakin teku. Hoto ya fi ɗari. Ga shi a tsaye, ga shi a tsugune, ga shi ya ƙwama baƙin gilashi ya ware hannuwa. Mai shayin, wanda ko Abuja bai taɓa zuwa ba, ya leƙo ya ce, "To Malam, shi wannan ruwan me ya hana shi kwanciya kamar na Kogin Kaduna?" Gogan naka ya yi shiru, can ya ce, "Kai dai bari, ruwa ne ba iyaka." Iyakar tsarabar da ya kawo mana ke nan daga tafiyar da ta cinye masa kuɗin da ya yi wata uku yana tarawa.

Ban yi masa dariya ba, domin ni ma da haka zan dawo. Allah ya taimake ni na yi tawa tafiyar da kawuna, ɗan kasuwa ne da ya shekara ashirin yana bin hanyar Legas zuwa Gana, kuma mutum ne da ba ya barin ka wuce abu ba ka tambayi dalilinsa ba. Na bi shi a matsayin ɗan rakiya a lokacin dogon hutu. Abin da zan kawo muku a nan, 'yan uwa ɗalibai, shi ne darasin da na ɗauko: gaɓar teku karanta ta ake yi kamar allo. Wanda ya san abin da zai duba, zai ga darasin kimiyyar ƙasa, da na gini, da tarihin kakanninsa, duk ta tagar mota ɗaya.

Fara da taswira tun kana gida

Kaduna tana kan tudu, kimanin mita 600 sama da doron teku. Ruwan da kake gani yana wucewa ta ƙarƙashin gadar Kaduna yana gangarawa ne ya bi ta madatsar Shiroro, ya faɗa Kogin Kwara, daga nan ya zarce Tekun Atlantika. Ashe ke nan kai da ruwan garinku hanya ɗaya kuka nufa, kowa da motarsa.

Daga Kaduna zuwa Legas, in ka bi ta Abuja da Lakwaja, ya haura kilomita 900. Daga Legas ne hanyar gaɓa take farawa. Za ka nufi yamma ta Badagiri, ka tsallaka iyakar Seme ka shiga Jamhuriyar Benin, ka wuce Kwatano da Wida, ka shiga Togo ta Aneho zuwa Lome, ka tsallaka iyakar Aflawo ka shiga Gana. Legas zuwa Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, kimanin kilomita 460 ne. Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150, sai Elmina a gaba kaɗan, ba ta kai kilomita 15 ba. Ƙasa huɗu a tafiyar da ba ta kai nisan Kaduna zuwa Legas ba. Gaɓar Togo gaba ɗayanta kilomita 56 ce kacal, ko Kaduna zuwa Zariya ta fi ta tsawo.

Ga wata ƙaramar dabara mai amfani. Tunda yamma ka nufa, teku kuma tana kudu, to tana hannunka na hagu. Nemi kujerar taga a layin direba. In za ka dawo, ka koma ɗaya ɓangaren.

Abin da za ka riƙe

Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Benin da Togo da Gana ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma ba biza ba ya nufin ba takarda. Sai ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kat. A kowace iyaka ka tabbata an buga maka hatimin fita da na shiga. Wanda ya yarda wani ya zagaya da shi ta bayan fage don gudun layi, a shingen gaba zai gane kurensa. Katin shaidarka na makaranta ma ka tafi da shi, domin wuraren tarihi da yawa suna rage wa ɗalibi kuɗin shiga.

Kuɗi iri uku za ka taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Ka canza kaɗan-kaɗan, ka ƙirga a gaban mai canji, kada ka zuba duka a aljihu ɗaya. Agogo kuma, Nijeriya da Benin lokacinsu ɗaya ne, Togo da Gana suna bayanmu da awa ɗaya. Masu salla su lura: in kana gaɓar Gana, alƙibla tana gabas maso arewa, wato in ka fuskance ta teku za ta kasance a damarka.

Lokacin da ya fi daɗin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina a can tana tsananta a Mayu da Yuni, teku kuma tana hauka daga Yuli zuwa Satumba. Ka yi ƙoƙari ka tsallaka iyaka da rana.

Darasi na ɗaya: gaɓar yashi

Daga Legas har zuwa bakin Kogin Volta a Gana, da wuya ka ga dutse. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya: teku a hagu, sai siririn tudun rairayi mai itatuwan kwakwa, sai tafki a bayansa. Haka Badagiri take, haka Kwatano da tafkinta na Nokuwe inda garin Ganbiye yake tsaye a kan turaku a tsakiyar ruwa, haka Aneho, haka Keta.

Yanzu ga amsar tambayar mai shayi. Iska ce take haifar da igiyar ruwa. Iskar da ke kaɗawa can a kudancin Atlantika, dubban kilomitoci daga nan, ita take tura raƙuman ruwa, su yi ta tafiya har su iso inda ƙasa ta yi tudu, gindinsu ya daki yashi, kansu ya kife. Kogi ba shi da faɗin da iska za ta tara irin wannan ƙarfi.

Ka tsaya ka lura da kyau, za ka ga igiyar ba ta zuwa kai tsaye. A karkace take zuwa, daga kudu maso yamma. Tana tura yashi sama a karkace, in za ta koma sai ta janyo shi a miƙe. Wata ta zo ta sake haka. Da wannan hawa da sauka yashin gaɓa yake tafiya sannu a hankali daga yamma zuwa gabas, kamar wani kogi na rairayi.

Ɗaliban injiniya, nan ne wurinku. Duk wanda ya gina katanga ya shigar da ita cikin teku, ya tare wannan kogi. Yashi zai taru a yammacin katangar, gabashinta kuma ya zauna da yunwa, teku ta shiga cin ƙasa. Haka ta faru a Legas bayan an gina katangun mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912: teku ta yi ta cin gaɓar da ke gabas, wato inda aka sani da Bar Beach, har sai da aka zo ana jibge duwatsu a aikin Eko Atlantic. Haka ta faru a gabashin tashar Kwatano. Haka kuma a gabashin tashar Lome da aka buɗe a 1968, inda teku ta cinye tsohuwar hanyar Aneho, aka janye titi zuwa ciki. A Gana kuwa, madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta riƙe yawancin yashin da Volta ke kawowa, abin da ya ƙara wa garin Keta masifa. In ka ratse zuwa Keta za ka ga sansanin Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784, teku ta haɗiye wani sashe nasa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da aka yi don cutar da wani. Tasha ce ake so, lantarki ake so. Amma wanda ya yi zane bai biya kuɗin gidan masuncin da ke kilomita goma a gabas ba. Gobe in ka zama injiniya aka ba ka aikin kwalbati a Rigasa ko Hayin Banki, ka tuna da Keta, ka tambayi kanka ina ruwan da ka karkatar zai je ya sauka.

Wani abin mamaki a wannan yanki: ka ɗauka bakin teku duk kurmi ne, sai ka shiga filayen Akra ka tarar da ciyawa da gajerun itatuwa, har da kuka, kamar kana hanyar Funtuwa. Ruwan saman da Akra ke samu a shekara bai kai na Kaduna ba. Amma in ka ci gaba yamma zuwa Axim, can ruwan ya haura milimita 2,000 a shekara, kurmi ya dawo.

Darasi na biyu: inda dutse ya tsaya wa teku

Da ka fita Akra ka wuce Kasowa, sai ƙasa ta fara hawa da sauka. Daga Apam zuwa Abandze, Anomabo, Cape Coast, Elmina, Sekondi, har Dixcove da Axim, gaɓar ta zama ta duwatsu. Tudun dutse ya kutsa cikin teku, sai ɗan lungun rairayi a bayansa cike da kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala, sai wani tudun. Mota na hawa sai ka hango ruwa shuɗi har ƙarshen gani, tana gangarawa ya ɓace, ka sha kwana ya sake bayyana. Igiya na dukan dutse da ƙara kamar an harba igwa, farin kumfa ya tashi sama ya fi tsawon mutum biyu. A nan ne ko kawuna da ya saba yake yin shiru.

Me ya sa gaɓar ta yi haka? Saboda duwatsun ba ƙarfinsu ɗaya ba. Teku ta cinye mai taushi ta yi lungu, mai tauri ya gagare ta ya rage a tsaye. Dutsen da ke Cape Coast dangin wanda ka sani ne a Kufena ta Zariya da Kajuru, irin mai ƙyalli-ƙyalli da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Sai dai na can ya girme wa namu nesa ba kusa ba: masana sun ƙiyasta shekarunsa da kimanin biliyan biyu, namu kuwa kimanin miliyan 600. A Elmina kuma, kusa da juna haka, dutsen ya canza: jan dutse ne na yashin da ya daskare, hawa-hawa kamar an jera littattafai. Ka sa hannu ka shafa kowanne, za ka ji bambanci. Wannan shafawar ta fi maka shafi goma na hand'awut.

Ka lura da layin da ke jikin dutsen: ƙasa baƙi ne mai gansakuka da ƙananan dodon koɗi, sama busasshe. Wannan layi shi ne iyakar cikar teku. Teku tana cika ta janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25. Jan da wata da rana ke yi wa ruwa ne ke kawo haka. Cikar ta fi yawa in wata ya kama sabo da kuma in ya kai sha huɗu, don haka mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya san ranakun da zai ƙara kula.

Masu karatun gini da zanen gidaje, ku dubi gidajen bakin ruwa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma iska na kwasar feshinsa ta kai cikin gari. Gishiri ya ratsa kankare ya iske rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya tsage ya zubo. Za ka ga bene sabo fil haƙarƙarinsa a waje, kusa da shi ga ginin dutse da farar ƙasa da ya shekara ɗari uku yana tsaye. Shi ya sa a irin wannan wuri ake ƙara kaurin kankaren da ke rufe rodi, kuma ba a kwaɓa siminti da yashin teku sai an wanke shi.

Darasi na uku: me ya tara sansanonin Turawa a nan?

Ka ƙirga fararen sansanonin da za ka gani a kan tuddai daga Akra zuwa Axim, yatsunka ba za su isa ba. A gaɓar yashi ta Togo da Benin kuwa ɗaiɗaiku ne. Dalili biyu ne: zinariya tana kusa da nan, sannan dutse ya ba su harsashin gini, da kayan gini, da lungun da ƙaramin jirgi zai sauka lafiya, da tudun da za a girke igwa. Ka ga yadda darasi na biyu ya haifi na uku.

Turawan Fotugal, ƙarƙashin Diogo de Azambuja, suka gina sansanin Elmina a 1482, kuma shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da ke tsaye a kudu da Sahara. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, bayan sun hau tudun da ke fuskantarsa sun yi masa ruwan igwa daga sama. Don kada wani ya yi musu yadda suka yi, sai suka gina wani sansanin a kan tudun, yana nan har yau. Ingila ta karɓi wurin a 1872. A nan suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin su kai shi Saliyo, daga can zuwa tsibiran Seshel. Na Cape Coast kuwa mutanen Suwidin suka fara shi a 1653, daga baya ya faɗa hannun Ingila, garin ya zama hedikwatarsu har 1877 da suka koma Akra. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Da zinariya aka fara, da mutane aka ƙare. Mai zagayawa da baƙi zai shiga da ku kurkukun ƙarƙashin ƙasa, ɗaki mai duhu da 'yar kafa ɗaya can sama, inda ake cusa ɗaruruwan mutane su yi makonni suna jiran jirgi. A Cape Coast, wurin ibadar Turawan yana saman kurkukun maza daidai. Daga nan sai 'yar ƙofar da ke fita bakin ruwa, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. An ƙiyasta mutum kimanin miliyan 12 da rabi aka loda daga gaɓar Afirka gaba ɗaya zuwa nahiyar Amurka. A irin wannan wuri ka mayar da waya aljihu. Na ga masu ɗaga yatsu biyu suna murmushi a bakin ƙofar nan, na ji kunya ta kama ni a madadinsu.

Kada ka ce wannan tarihin wasu ne. A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen ƙasarmu sun jefa Hausawa da yawa cikin bauta, aka gangara da su aka sayar ta Legas, Badagiri da Wida, wato garuruwan da ka ratso a darasi na ɗaya. A Bahiya ta ƙasar Burazil, bayi Hausawa ne suka shirya tawaye a 1807, suka kuma tayar a 1814, sannan suna cikin boren Musulmi na 1835 a birnin Salbado. Gaskiya kuma ba ta da daɗi gaba ɗaya: cikin fataken da ke kai kaya kasuwar Salaga har da masu kai bayi. Namu na cikin waɗanda aka sayar, namu na cikin waɗanda suka sayar. Ɗalibin kirki yana riƙe duka biyun.

Darasi na huɗu: Zango

A kowane babban gari na wannan hanya, ka ce wa mai tasi ko ɗan acaɓa ya kai ka Zongo. Kalmarmu ce, zango, inda ayari ke yada kaya. Shekaru aru-aru fatake suna tashi daga Kano da Katsina da jakuna, ƙarƙashin madugu, su kai kanwa da fatu da tufafi Gwanja, su dawo da goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwar ta watse, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi, Kumasi da gaɓar teku. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malami kuma marubucin waƙoƙi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

Wasu kuma ta aikin soja suka zo. A 1863 wani jami'in Ingila mai suna Glover ya kafa 'yar runduna ta Hausawa a Legas, da yawansu waɗanda suka kuɓuta daga bauta ne, aka kuma yi amfani da su a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga wannan runduna sojojin Nijeriya suke ƙirga asalinsu. In ka wuce ta gaban tsohuwar NDA, nan kusa da mu, ka tuna cewa saiwarta ta taɓo wancan bakin ruwa.

A Akra akwai Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa, akwai Nima da Mamobi. Kasowa da muka wuce ɗazu, kasuwa ce aka lanƙwasa. Abincin da Ganawa ke alfahari da shi, wakye, shinkafa da wake ne, sunan ma daga wake ya fito. Ga tuwon zafi, ga ƙosai, ga kokon da su da kansu suke kira Hausa koko. A Kwatano da Lome, inda Faransanci zai ɗaure maka harshe, Hausa ce za ta kwance ka. Hausar tasu ta ɗan bambanta da tamu, ba su cika damuwa da namiji da mace a magana ba. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa dattijo. Ka gaishe shi, ka ce, "Baba, daga wane gari kakanninku suka taso?" Sannan ka gyara zama, don labarin ba gajere ba ne.

Darasi na biyar: ka dawo da ranka

Wannan shi ne wanda ban yarda ka tsallake ba. Mu 'yan tudu ba mu san teku ba. Wanda ya iya iyo a Rafin Guza sai ya ɗauka ya iya ruwa, alhali ruwa ba sa'an kwando ba ne.

A kusa da Anomabo na sauka kan wani falalen dutse don in ɗauki hoto. Dutsen baƙi ne, a jiƙe, ruwa kuma can ƙasa yake, ya yi lakadan. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma ya daka mini tsawa da yarensa yana yafito ni da hannu. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga fuskarsa, na hau sama da gudu. Ban kai ga tsayawa ba wata igiya ta rufe inda na bari, ta tafi da takalmina ƙafa ɗaya. Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, dutsen da ka gani a jiƙe, wa ya jiƙa shi?" Har yau ina jin wannan tambaya.

Ga ƙa'idojin, ka haddace su. Kada ka taka jiƙaƙƙen dutse. Kada ka ba teku baya. Igiyoyi rukuni-rukuni suke zuwa, ƙanana su yi ta zuwa sai manya su biyo, don haka ka tsaya nesa ka kalla na minti goma kafin ka matsa. A gaɓar yashi kuma akwai abin da ya fi wannan haɗari: ruwan da igiya ta turo yana neman hanyar komawa, sai ya haƙa wani kwari ya bi ta nan da gudu zuwa cikin teku. Wurin yakan yi kama da inda ya fi kwanciya, babu kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu, shi ya sa baƙo yake zaɓarsa. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa tudu kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutum. Ka bar jikinka ya yi yawo a sama, ka ɗaga hannu, in ka iya iyo ka yi gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ka fita daga kwarin. In abokinka ne ya faɗa, kada ka bi shi. Ka jefa masa jarka ko wani abin da ke yawo, ka kira masunta. Mafi sauƙi duka: kada ruwa ya wuce maka gwiwa, kuma ka tambayi 'yan gari kafin ka shiga. Matambayi ba ya ɓata. A garuruwan masunta da yawa na Gana ba a fita kamun kifi ranar Talata, to a ranar masu ceto a kan ruwa sun yi ƙaranci.

Aikin gida

Na san abin da wani zai ce: "Mu da ke fama da kuɗin rajista da na garin kwaki, ina mu ina Elmina?" Gaskiyarka. Amma idon da zai karanta teku a gida ake horar da shi, kuma kyauta ne. Ranar Asabar ka je Gamji ka tsaya kusa da gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, ko ka gangara bakin kogi ta Malali tare da abokai, ka riƙe littafi da biro, ka amsa waɗannan:

1. A inda kogin ya yi kwana, wane gefe ruwa ke ci, wane gefe yake ajiye yashi? Me ya sa?
2. Ina alamar iyakar ambaliyar bara a jikin dutse ko itace? Gida nawa ne ke ƙasa da wannan layi?
3. Dutsen da ke cikin kogin wane iri ne? Zana shi, ka kwatanta da tsakuwar da ake gini da ita a unguwarku.
4. Masu ɗibar yashi daga ina suke ɗiba, kuma me kake ganin hakan zai yi wa gaɓar da ke ƙasa da su?
5. Nemi dattijo ɗaya a wurin ka tambaye shi yadda kogin yake lokacin yana yaro. Rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa.

Wanda ya iya amsa waɗannan biyar a Kaduna, ranar da Allah ya kai shi bakin teku ba zai tsaya yana ware hannuwa kawai ba. Ƙungiyoyin sassa da ke shirya fita yawon karatu su ma su gwada haka: a raba wa kowa tambayarsa tun kafin mota ta tashi, a dawo a karanta amsoshi a aji.

Shi kuwa abokin namu, na ba shi wannan bayani kafin in kawo shi mujalla. Ya karanta, ya sake buɗe hotunansa, ya yi ta matso da su yana dubawa. A bayan kafaɗarsa, a hoto na arba'in da wani abu, ga katangar duwatsun da ke tare teku, ga igiya na zuwa a karkace. Ya ce wallahi sam bai gan su ba a lokacin. Jiya da daddare na same shi a teburin mai shayi, ya jera kofi uku da cokali yana nuna wa mai shayin yadda yashi ke tafiya gabas.